Ɗakin Jiran Asibiti: Yadda Lamba, Taga Da Saƙon Tes Ke Rage Wa Mara Lafiya Fargaba

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibiti ya san wannan zaman. An yanki kati tun da sassafe, an miƙa shi ta taga, an ce a je a zauna. Daga nan babu wanda ya sake cewa komai. Benci ya cika, wasu na tsaye, wasu sun shimfiɗa ɗankwali a ƙasa. Da zarar ƙofar likita ta motsa sai kowa ya miƙe, idan aka kira wani sai sauran su koma su zauna. Mutum na jin ƙishirwa amma yana tsoron fita sayen ruwa, kada a kira sunansa ba ya nan. Cajin waya ya koma ja, ga 'yan gida suna ta kira suna tambayar me likita ya ce, alhali ko ganin likitan ba a yi ba.

A mafi yawan lokuta, ganawa da likita ba ta wuce 'yan mintuna, amma jiranta na iya cin rabin yini. Ke nan abin da mutum zai fi tunawa game da asibiti shi ne wurin da ya zauna yana jira. Masu zanen gine-gine, likitoci da masu haɗa manhaja sun daɗe suna nazarin wannan wuri, kuma abin da suka gano ya dace da karin maganar Bahaushe: rashin sani ya fi dare duhu. Abin da ya fi gajiyar da mai jira shi ne bai san matsayinsa a layi ba, bai san yaushe za a zo kansa ba, kuma bai san dalilin da ya sa aka shigar da wani kafin shi ba. Bayan wannan sai zafi, hayaniya da cunkushewar iska. Yawancin waɗannan matsaloli ana iya rage su da kayan da kuɗinsu bai kai na sabuwar babbar waya ba.

Abin da ya faru a Ingila

A shekarar 2011, Ma'aikatar Lafiya ta Birtaniya tare da majalisar masu zane ta ƙasar, wato Design Council, sun nemi a samo hanyar rage zagi da cin zarafin da ake yi wa ma'aikata a sashen agajin gaggawa na asibitoci. Wani kamfanin zane da ke Landan mai suna PearsonLloyd ne ya jagoranci tawagar da ta yi aikin. Masu binciken sun zauna cikin marasa lafiya suna lura, sai suka ga cewa da yawa daga masu ɗaga murya ba masu neman rigima ba ne. Mutane ne da ke cikin ciwo da tsoro, waɗanda suka shafe sa'o'i ba tare da wani ya yi musu bayanin abin da ke gudana ba.

Maganin da suka kawo bai buƙaci rushe gini ba. Sun manna dogayen alluna a bangon kowane sashe, kowanne na nuna wa mutum inda yake a cikin matakan ganin likita: rajista, duba tsananin ciwo, magani, sannan sallama ko kwantarwa. Allon yana kuma bayyana abin da ake jira a wannan mataki da dalilin da zai iya sa a jinkirta. Sun ƙara da allon talabijin mai nuna yawan mutanen da ke sashen da yadda layi ke tafiya, da kuma zama na musamman da ma'aikata kan yadda za su tarbi wanda ransa ya ɓaci.

Da aka auna sakamakon a asibitocin St George's da ke Landan da Southampton General da ke birnin Southampton, rahoton da ya fito a 2013 ya nuna cewa barazana da nuna fushi ga ma'aikata sun ragu da kashi 50 cikin ɗari. Kashi 75 cikin ɗari na marasa lafiyar da aka tambaya sun ce allunan sun rage musu takaici. Ba a ƙara likita ko ɗaya ba saboda wannan aiki. Bayani kawai aka ƙara.

Tun a 1985 wani malami a makarantar kasuwanci ta Harvard, David Maister, ya yi rubutu kan halayyar ɗan Adam a cikin layi. Daga cikin abubuwan da ya lissafa akwai cewa jiran da ba a san ƙarshensa ba ya fi tsawo a zuciya, haka ma jiran da ba a bayyana dalilinsa ba, da jiran da mutum ke ganin an yi masa rashin adalci. Mai wayar hannu ya san wannan sarai. Idan ana sauke bidiyo kuma waya ta nuna saura minti uku, mutum zai ajiye ta ya yi wani abu. Idan kuwa da'irar nan ce kawai ke juyawa babu lamba, kafin minti ɗaya ya fara danne-danne.

Lissafin layi

Ilimin lissafin layi daga harkar waya ya samo asali. Agner Erlang, injiniya a kamfanin tarho na birnin Kofanhegan a ƙasar Denmak, shi ne ya fara wallafa nazari a 1909 kan yadda kiraye-kiraye ke cunkushewa a layukan tarho. Irin wannan lissafi ne har yau kamfanonin sadarwa ke amfani da shi, kuma shi ne ke aiki a ƙofar likita.

Misali mai sauƙi: idan likita na ɗaukar kimanin minti shida a kan kowane mara lafiya, zai ga mutum goma a awa ɗaya. Wanda ke da mutum arba'in a gabansa zai jira awa huɗu. Idan likitoci biyu ne, awa biyu. Wannan lissafi ƙaramar manhaja za ta iya yinsa a kowane lokaci: ta duba tsawon lokacin da aka ɗauka a kan mutum goma na ƙarshe, ta ninka da yawan waɗanda ke gaba, ta raba da yawan likitocin da ke bakin aiki.

Akwai wani ɓangare na lissafin da ke ba mutane mamaki. A tsari mafi sauƙi, inda mutane ke zuwa ba tare da tsayayyen lokaci ba, idan masu zuwa sun kai kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin likita, matsakaicin waɗanda ke wurin mutum huɗu ne. Idan suka kai kashi 90, sai su zama tara. A kashi 95, sai su zama goma sha tara. Ƙaruwa kaɗan a yawan masu zuwa na iya ninka layi. Shi ya sa al'adar cewa kowa ya zo da ƙarfe bakwai na safe take haifar da cunkoso ko da likitoci na iya ƙoƙarinsu. Raba mutane rukuni-rukuni, wasu ƙarfe takwas, wasu goma, wasu sha biyu, musamman masu zuwa awon ciki, rigakafi ko karɓar maganin hawan jini da ciwon suga, yana rage yawan jama'a a ɗakin jira ba tare da an sayi benci ko ɗaya ba.

Manhajar da za ta nuna lokaci kuma tana buƙatar gaskiya. Gara ta ce tsakanin minti arba'in da awa ɗaya da ta ce minti arba'in cif, domin idan lokacin ya wuce ba a kira mutum ba, ya daina yarda da allon gaba ɗaya. Idan likita ya fita zuwa ɗakin tiyata, a rubuta hakan ƙarara.

Lamba a hannu, saƙo a waya

Tsarin lamba irin na banki shi ne mataki na farko. Abubuwan da yake buƙata ba su da yawa: allon talabijin, ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi ko tsohuwar wayar Android, ƙaramar na'urar buga takarda irin ta masu POS, da sifika. Ana iya haɗa su ta rauta a cikin gini ba tare da intanet ba, ta yadda ko netwok ya ɗauke layi zai ci gaba da tafiya. Ƙaramin batir da faranti ɗaya ko biyu na sola sun isa su riƙe su idan an ɗauke wuta.

Mataki na biyu shi ne sakin mutum daga kan benci. Idan aka karɓi lambar wayarsa wajen rajista, manhaja za ta iya tura masa saƙon tes idan saura mutum biyar a gabansa. Da wannan zai iya zuwa ya yi sallah, ya ci abinci, ya zagaya banɗaki, ko ya zauna a inuwa a waje. Saƙon tes da lambobin USSD sun fi manhajar da sai an sauke dacewa da asibiti, domin suna aiki a ƙaramar waya mai madanni, ba sa cin data, kuma tsohuwar da jikanta ya rako ba ta buƙatar koyon komai.

Amma a tuna da wanda ba shi da waya, da wanda ba ya karatun boko, da makaho, da kurma. Lambar da ta fito a allo dole murya ta biyo ta da harshen da mutanen wurin ke ji. Ga Hausa, wannan ba ya buƙatar wata babbar fasahar murya. Ana iya naɗar muryar mutum ɗaya yana faɗin ɗaya zuwa tara, goma, sha, ashirin zuwa casa'in, ɗari, da kalmar haɗi "da", sai manhaja ta riƙa jera su: lamba ɗari da ashirin da uku, ɗaki na biyu. Rubutun allo ya zama manya-manya, fari a kan duhu, wanda za a iya karantawa daga benci na ƙarshe. Launi da hoto a ƙofofi suna taimaka wa wanda rubutu ba zai yi wa amfani ba: bin shuɗin layi a ƙasa zuwa ɗakin gwajin jini ya fi sauƙi a kan neman kalmar Turanci a bango.

Lamba tana da wani amfani da ba a cika faɗa ba, wato rufin asiri. Kiran cikakken sunan mutum da ƙarfi a gaban ɗakin masu cutar ƙanjamau, ko na masu taɓin hankali, ko na masu neman haihuwa, na iya sa ya ƙi dawowa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman. Don haka mai haɗa manhajar layi ya kiyaye: kada suna ko nau'in ciwo su fito a allo, kada saƙon tes ya ambaci sunan cuta tunda waya ɗaya na iya zama ta gida duka, kuma kada a yi amfani da lambobin wayar marasa lafiya wajen talla.

Me ya sa aka shigar da shi kafin ni?

Babu abin da ke tayar da rigima a ɗakin jira kamar ganin wanda ya zo daga baya ya shige. Wani lokaci alfarma ce da sanayya, kuma tsarin lamba mai ajiye lokacin zuwan kowa yana sa hakan ya yi wahalar ɓoyewa. Amma sau da yawa dalilin na lafiya ne. Asibiti ba ya bin wanda ya riga zuwa kaɗai, yana bin wanda ya fi kusa da haɗari.

A tsarin tantancewa na Manchester, wanda aka ƙirƙiro a Ingila a shekarun 1990 kuma ƙasashe da dama ke amfani da shi, ana raba marasa lafiya launi biyar. Ja a gan shi nan take, ruwan lemo cikin minti 10, rawaya cikin minti 60, kore cikin minti 120, shuɗi cikin minti 240. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da nata tsarin na yara, wanda ke ware masu buƙatar taimako nan take, da waɗanda za a ba fifiko, da waɗanda za su iya bin layi.

Idan aka rubuta wannan a bango da Hausa, aka kuma riƙa faɗinsa ta sifika lokaci-lokaci, mai ciwon baya zai fahimci dalilin da ya sa aka wuce da yaron da ke jijjiga. Akwai kuma gargaɗi ga masu son mayar da komai hannun na'ura: na'urar raba lamba ba ta iya gane jaririn da numfashinsa ke sama-sama. Dole a sami ma'aikacin lafiya a bakin ƙofa, kuma a tsara kujeru ta yadda daga teburin nas ana hango kowa, domin wanda ya shigo da ƙafarsa na iya rikicewa yana zaune.

Iska kafin komai

Ɗakin jira wuri ne da mai tari, mai ciki, jariri da tsoho ke shaƙar iska ɗaya na tsawon sa'o'i. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya. Ƙwayar cutar ƙyanda na iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita. Ɓarkewar mashaƙo a Kano a 2023 ta tuna wa mutane yadda cutar numfashi ke saurin yaɗuwa cikin cunkoso. Wurin da aka zo neman lafiya bai kamata ya zama wurin ɗaukar wata cutar ba.

A 2007 aka wallafa wani bincike da aka yi a asibitoci takwas na birnin Lima a ƙasar Peru. An gano cewa buɗe tagogi da ƙofofi kawai na sauya iskar ɗaki kimanin sau 28 a awa ɗaya, fiye da ninki biyu na sau 12 da ake ba da shawara ga ɗakunan masu cutar da ke bin iska. Tsofaffin gine-ginen da aka yi kafin 1950, masu dogon rufi da manyan tagogi, sun kai sau 40, yayin da na zamani suka tsaya a 17. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a samar da aƙalla lita 60 ta sabuwar iska a kowace daƙiƙa ga kowane mara lafiya a sassan da ake zuwa ganin likita a koma gida.

Asibitin Butaro da ke arewacin Ruwanda, wanda aka buɗe a 2011, an gina shi da wannan tunani. Masu zanensa, MASS Design Group, tare da ƙungiyar Partners In Health da gwamnatin ƙasar, sun fitar da hanyoyin wucewa da wuraren jira zuwa waje a ƙarƙashin rumfa, maimakon dogon lungu a tsakiyar gini inda iska ba ta zagayawa. A Burkina Faso, inda yanayi ya yi kama da na ƙasar Hausa, Francis Kéré, wanda ya ci kyautar Pritzker ta zanen gini a 2022, ya gina asibitin garin Léo da tubalin ƙasa, ya ɗaga rufin kwano sama da ginin yadda iska za ta ratsa tsakani ta kwashe zafi.

Wannan ba baƙon abu ba ne a nan. Zauren gidan Bahaushe ɗakin jira ne: bango mai kauri da ke riƙe sanyi, rufi mai tsawo, da ƙofofi biyu da ba sa kallon juna domin baƙo ya huta ba tare da ya hango cikin gida ba. Rumfa mai faɗi da inuwar darbejiya a harabar asibiti, idan aka haɗa su da sifika da ƙaramin allon lamba a waje, sun fi rufaffen ɗaki mai na'urar sanyaya ɗaki da ke juya iska ɗaya.

Akwai ƙaramar na'ura da ke nuna ko iskar ɗaki na sauyawa, wato ma'aunin iskar CO2 da mutane ke fitarwa a numfashi. A waje takan nuna kusan 420. Idan a cikin ɗaki ta daɗe sama da 1,500, alama ce cewa ana ta sake shaƙar numfashin juna, sai a buɗe tagogi ko a rage mutane. Game da fanka kuwa, tana sa jiki ya ji sanyi amma ba ta kawo sabuwar iska sai da taga a buɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kuma yi gargaɗin cewa idan zafi ya haura digiri 40, abin da ke faruwa a Kano, Sakkwato, Maiduguri da Damagaram a watan Afrilu, fanka na iya ƙara wa jiki zafi. A irin wannan lokaci inuwa, silin mai hana zafin kwano saukowa da ruwan sha mai sanyi su ne a gaba.

Hayaniya, haske da talabijin

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1999 ta ce bai kamata ƙara ta wuce desibel 35 ba a ɗakunan da ake duba marasa lafiya. Binciken da masana na jami'ar Johns Hopkins suka wallafa a 2005 ya nuna cewa matsakaicin ƙarar asibitoci da rana ya tashi daga desibel 57 a 1960 zuwa 72. Hira ta yau da kullum kusan desibel 60 ce, kuma duk ƙarin desibel goma kunne na jinsa kamar an ninka ƙarar. Kowa na iya gwada wannan da wayarsa, domin akwai manhajojin auna ƙara kyauta, ciki har da NIOSH Sound Level Meter da hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta fitar a iPhone. Ba su kai na'urar ƙwararru ba, amma sun isa su nuna bambanci tsakanin kusa da janareta da nesa da shi.

Gyaran hayaniya yawanci na tsari ne. A nisanta janareta da wurin jira. A sa ƙananan sifiku da yawa masu sassauƙar murya maimakon ƙato ɗaya mai tsawa. A sa roba a ƙafafun kujerun ƙarfe. Tsarin lamba kansa na rage ihun kiran suna.

Talabijin kuma ba kullum yake kwantar da hankali ba. A wani bincike da Roger Ulrich da abokan aikinsa suka wallafa a 2003 kan masu jiran ba da gudummawar jini a Amurka, bugun zuciya da awon jinin mutane sun fi sauka a ranakun da aka kashe talabijin, idan aka kwatanta da ranakun da ake nuna shirye-shiryen yau da kullum. Mai fargabar sakamakon gwaji ba ya buƙatar labarin hari ko fim mai ihu da ba shi da ikon kashewa. Allon ya fi amfani idan yana nuna lamba, bayanin matakai da hotuna masu sanyi ba tare da ƙara ba.

Shi dai Ulrich shi ne ya yi sanannen binciken nan da mujallar Science ta buga a 1984. Ya duba bayanan mutum 46 da aka yi wa tiyatar cire jakar matsarmama a wani asibiti a jihar Pennsylvania. Rabinsu tagarsu na kallon bishiyoyi, rabi na kallon bangon bulo. Masu kallon bishiyoyi sun kwana kusan takwas bayan tiyata, sauran kusan tara, kuma masu kallon bishiyoyin sun sha magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi ƙasa da na sauran. Binciken ƙarami ne, amma shi ya buɗe ƙofar nazarin yadda gini ke taɓa lafiyar wanda ke cikinsa.

Kujera, soket da ruwa

A 1993 aka shaida wa Maggie Keswick Jencks, mai zanen lambuna, a wani asibiti a Edinburgh cewa cutar dajinta ta dawo kuma kwanakinta sun kusa ƙarewa. Daga nan aka ce ita da mijinta su koma wani lungu mara taga su zauna, domin akwai wasu a layi. Ta shafe sauran rayuwarta tana tsara wurin da mai irin wannan labari zai zauna kamar mutum. Ta rasu a 1995, aka buɗe cibiyar Maggie ta farko a 1996 a harabar asibitin. A cibiyoyin, waɗanda manyan masu zane irin su Frank Gehry da Zaha Hadid suka zana wasu daga ciki, babu teburin karɓar baƙi a bakin ƙofa. Abin da ke tsakiya shi ne teburin kicin da butar shayi, ga haske da lambu.

Ƙaramin asibiti ba zai iya ɗauko Zaha Hadid ba, amma darasin na kowa ne. Kujera mai hannu na taimaka wa tsoho da mai ciki wajen miƙewa. Ta zama wadda ake iya gogewa da maganin kashe ƙwayoyin cuta. A bar gurbin keken guragu a cikin jerin kujeru, ba can gefe ba. A ƙasar Hausa da wuya mara lafiya ya zo shi kaɗai, don haka lissafin kujeru dole ya haɗa da 'yan rakiya. Ɓangaren mata, kusurwa mai labule don shayarwa, wurin alwala da sallah da sifikar kira ke kaiwa, banɗaki mai ruwa kusa, da wurin wanke hannu a bakin ƙofa, duk suna rage yawan abubuwan da mai jira ke damuwa da su. Masu tari a ba su takunkumi, a ware musu wuri mai iska sosai, a gaggauta ganinsu.

Sai maganar caji. A yau waya ita ce walat ɗin da za a tura kuɗin magani, ita ce hanyar neman mai ba da jini, ita ce ke ɗauke da hoton takardar gwajin da aka yi a baya. Mutuwarta a asibiti ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Soket kusa da kujeru, inda mutum zai riƙe wayarsa a hannu tana caji, ya fi tara wayoyi a wuri ɗaya inda ake fargabar sata. An fi son soket na wuta da mutum zai sa kan cajarsa a kan ramin USB na jama'a. A watan Afrilun 2023 ofishin hukumar FBI na birnin Denver ya gargaɗi mutane cewa ana iya amfani da irin waɗannan ramuka wajen cusa muguwar manhaja a waya. Ba a cika samun rahoton faruwar hakan ba, kuma sababbin wayoyi na tambaya kafin su ba da damar musayar bayanai, amma soket na wuta ya kawar da zancen gaba ɗaya. Idan asibiti zai ba da Wi-Fi kyauta, a raba shi da hanyar da kwamfutocin bayanan marasa lafiya ke kai.

Inda za a fara

Ga matashin da ke koyon haɗa manhaja, wannan fili ne mai buƙatar aiki, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne fara rubuta manhaja kafin a je wurin. Tawagar Ingila da zama cikin masu jira ta fara. Da izinin hukumar asibiti, yini biyu ko uku da littafi da biro sun isa a san ƙarfe nawa mutane ke zuwa, a ina layi ke tsayawa, da tambayar da aka fi yi wa nas. Sau da yawa za a tarar cunkoson ba a ƙofar likita yake ba, yana tagar kati ne ko wajen biyan kuɗi ko ɗakin magani.

Daga nan a gwada da takarda: katin lamba, farin allo da maka, da mutum ɗaya mai sabunta shi duk bayan minti goma sha biyar. Idan wannan ya yi aiki, sai a mayar da shi na'ura. Kuma a tsara ta yadda aikin nas danna maɓalli ɗaya ne kawai, domin duk manhajar da ta ƙara wa ma'aikacin da ya riga ya gaji aiki, kafin wata guda za a same ta a kashe. A kuma ajiye katunan takardar a aljihun tebur saboda ranar da batir zai mutu.

Allo da saƙon tes ba za su maye gurbin ƙarin likitoci da nas-nas ba, kuma ba za su mayar da jiran awa huɗu ya zama minti goma ba. Abin da za su iya shi ne su raba mutum da jiran gawon shanu. Uwar da ta san cewa saura mutum bakwai a gabanta, kusan minti arba'in, za ta iya fita inuwa ta shayar da ɗanta, ta kira gida ta faɗi abin da ake ciki, ta dawo kafin a kira lambarta.